Jinjirin Watan Alhaji Mudi

Ban taɓa mantawa da safiyar Larabar nan ba, ranar goma ga azumin shekarar 2019, kuma ba na tsammanin zan manta. Tunda kun ce kafin in ajiye aiki in ba ku labari guda daga cikin abubuwan da na gani, to wannan zan ba ku, ko da yake ni kaina ban fita tsaf a cikinsa ba.

Bari in fara da yadda tsarin yake a lokacin, saboda waɗanda suka shigo bana. Kamfaninmu ne ke kula da wata unguwa ta manyan gidaje a nan Dubai, irin wadda ake kewayewa da katanga a sa masu gadi a ƙofa. Kowane gida da mai shi, amma titi da fitilunsa, da bututun ban-ruwa, da 'yar ciyawar da ke tsakanin titi da ƙofar gida, duk a wuyan kamfani suke. A sama akwai manajar unguwa, Madam Huda, 'yar ƙasar Jodan, mace mai ƙarancin magana. Ƙarƙashinta injiniyoyi biyu, sai ni, jami'in kiyaye haɗari, sai kuma masu gadi, masu shara da masu lambu. Babban ofis da sito suna Al Quoz. Ni kuwa a Al Qusais nake kwana, a wani fulat da muke zaune mu huɗu, dukanmu 'yan Arewa.

Aikina zagaye ne. Kowace safiya in bi layi-layi ina duba abin da zai iya ji wa mutum rauni: murfin kwata da ya zame, reshen da ya kusa karyewa, ƙofar wurin ninƙaya da ba ta kulluwa. Lokacin da aikin ya fi yawa shi ne lokacin bukukuwa, kuma kun san garin nan ba ya rabo da biki. Indiyawa su yi na fitilunsu, a shiga ranar ƙasa a farkon Disamba, Kirsimeti ta biyo baya, sannan azumi da Sallah. Kowa sai ya ƙawata ƙofar gidansa. Ƙa'idar ita ce, duk abin da mutum ya kafa a harabarsa, alhakinsa na kansa. Idan ya ji wa wani ciwo, shi za a tuhuma. Namu shi ne mu duba duk wani ado mai amfani da lantarki ko wanda ke kusa da hanyar jama'a. In na ga matsala, sai in rubuta takardar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, mai gida ya sa hannu, a ba shi kwana biyu ya gyara. In bai gyara ba, sai jar takarda, wadda ke ba injiniya izinin cire abin ko da mai shi bai so ba.

A duk unguwar, Bahaushe ɗaya ne ke da gida, Alhaji Mudi, mutumin Kano, ɗan kasuwa mai ofishin kago a Al Ras, yana loda kwantena zuwa gida. Ranar da ya fara jin ina amsa waya da Hausa a bakin ƙofar unguwa, sai da ya fito daga mota ya kama hannuna bibbiyu. Tun daga nan ya ɗauke ni kamar ƙaninsa. Da azumi ya zo, ya ce in dai ina kan aiki har magariba, ba ni da wurin shan ruwa sai gidansa. Ku da kuka san zaman fulat, kun san abin da nake nufi idan na ce kunun tsamiya da ƙosai da tuwon shinkafa miyar kuka. Wannan tabarmar ta Alhaji ita ce Kanon da nake da ita a Dubai.

A wannan shekarar jikokinsa uku sun zo daga Abuja don su yi azumi da Sallah tare da su. Sai Alhaji ya sa wani mai walda a Al Quoz ya ƙera masa jinjirin wata na ƙarfe, tsawonsa ya fi mutum a tsaye, da tauraro a rataye a tsakiya. Aka naɗe shi da ƙananan ƙwayayen fitila, aka kafa a kan ciyawa daidai bakin ƙofar gida. Gaskiya ya yi kyau. Maƙwabta har tsayawa suke yi su ɗauki hoto.

Ranar uku ga wata na je shan ruwa, na ga abin kusa da kusa. Wayar da ke kai masa wuta ta fito daga gareji, ta bi ta cikin ciyawa. Irin siririyar wayar nan ce ta cikin ɗaki, ba ta waje ba, kuma da tsawonta ya gaza sai aka haɗa ta da wata, aka naɗe mahaɗin da baƙin salatif. Taku biyu daga wurin akwai kan famfon ban-ruwa, wanda ke feshi kowace asuba.

Bayan mun idar da magariba na ce, "Alhaji, wayar nan fa ba ta yi ba. Ruwa na dukanta kullum."

Ya yi dariya ya ce, "Kai Malam Kabiru, aiki har a kan tabarma? Wata ɗaya ne fa, Sallah na wucewa za a kwashe."

Na ce, "Duk da haka, ranka ya daɗe, a sa mai lantarki ya canza ta."

Ya ce, "Kalas, an gama. Gobe inshallah. Ci ƙosan nan tun da zafinsa."

Takardun gargaɗin suna cikin jakata a jingine da bango, ina ganinta. Na ji nauyin in ciro takarda in miƙa wa dattijon da hannuna ke cikin kwanonsa. Na ce wa kaina ai ya ce gobe. Da goben ta yi ban koma ba, jibi ma haka. Na wuce ta layin sau biyu a mota, na kawar da kai.

Mai kula da ban-ruwa na wannan layin shi ne Baba Isaka, mutumin Gana daga Zangon Kumasi. Ya haura hamsin da biyar, siriri, ba ya rabo da farar hula. Ya riga kusan kowa zuwa kamfanin. Da Hausarsa ta Zango yake gaishe ni kullum, "Masta Kabiru, an tashi lafiya?" duk da na sha roƙonsa ya daina ce mini masta. Yana da 'ya mace da ke karatun jinya a gida, hotonta ne a fuskar wayarsa.

Ranar Larabar, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina can ƙarshen unguwa sai oba-obata ta yi ƙara. Mai gadin ƙofa ne, ya ce in zo gida mai lamba goma sha huɗu yanzu-yanzu, wuta ta ja ma'aikaci. Tun kafin ya ƙarasa na san gidan, na san wayar. Ban san yadda na tuƙa motar ba.

Na tarar da Baba Isaka kwance rigingine a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, hularsa can gefe. Hajiya Rabi, matar Alhaji, na durƙushe a kansa tana danna masa ƙirji da hannu biyu tana ƙirgawa. Daga baya na ji yadda aka yi. Kan famfon da ke kusa da jinjirin watan ne ya toshe, Baba ya tsuguna zai gyara, da zai miƙe sai ya dafa ƙarfen. Hajiya na zaune bakin taga tana karatun Alƙur'ani, ta ji ƙara ɗaya, ta ga mutum ya manne da ƙarfe yana kakkarwa. Allah Ya sa ta yi shekaru tana aikin jinya a Kano kafin ta yi ritaya. Ba ta ruga ta taɓa shi ba. Gareji ta nufa, ta kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, sannan ta fito ta hau danna ƙirji, tana yi wa mai aikinta ihu ta kira motar asibiti.

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam Kabiru, karɓe ni, hannuna ya gaji." Na durƙusa na karɓa. An koya mana wannan a kwas, a kan 'yar tsana ta roba, amma ƙirjin mutumin da ka sani daban ne. Muna cikin karɓa-karɓa motar asibiti ta iso. Suka manna masa na'urar farfaɗo da zuciya, suka ce kowa ya ja baya, suka danna. A karo na biyu wani daga cikinsu ya ce zuciya ta dawo. Suka ɗauke shi bai farfaɗo ba. Na ga tafin hannunsa na dama lokacin da suke ɗaga shi, ya ƙone, fatar ta yi fari.

Motar na fita, na juya na ga Alhaji Mudi da jallabiyar barci, ya sunkuya yana naɗe wayar a hannunsa.

Na ce, "Alhaji, ajiye."

Ya ce, "Kada ta ja wani ne."

Na ce, "Wuta a kashe take. Ajiye ta inda ka same ta. 'Yan sanda na hanya."

Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ya dube ni, ya saki wayar. Tsarin aiki ya ce bayan haɗari a killace wurin, a ɗauki hoto, kada a taɓa komai. Na kewaye ciyawar da jan zare, na ɗauki hoton mahaɗin. Salatif ɗin ya saki, jan ƙarfen wayar a waje, yana taɓa ƙafar jinjirin watan.

Ɗaya daga cikin injiniyoyinmu ya zo tare da 'yan sanda, ya buɗe akwatin wutar gareji, sai ya kira ni da hannu. A kowane gida akwai wata 'yar na'ura da ke katse wuta da kanta da zarar ta fara yoyo, tun kafin ta kashe mutum. Ta layin wutar garejin an tsallake ta da guntun waya. Ashe tun daren farko na'urar ke katse wutar duk lokacin da ruwa ya taɓa mahaɗin, jinjirin wata ya mutu, yara su yi ta ƙorafi. Maimakon a nemi dalili, sai Alhaji ya sa wani mai gyara da ya samo a kasuwa ya kashe bakinta. Wannan ban sani ba sai ranar. 'Yan sanda suka ɗauki bayanin kowa, suka karɓi fasfon Alhaji, suka ce ba zai bar ƙasa ba sai an ga yadda majinyacin ya kasance. Suka ce kuma suna jiran rahoton kamfani cikin kwana biyu. Rahoton nan ni ke rubuta shi.

Bayan azahar Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a falo shi kaɗai, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Malam Kabiru, ni da kai ba ma ɓoye wa juna. In mutumin nan ya mutu, ɗaure ni za a yi. Shekarata sittin da uku."

Na ce, "Allah Ya tashi kafaɗarsa, Alhaji."

Ya ce, "Amin. Amma ai da almakashin yankan ciyawa yake yawo. Wa ya ga lokacin da salatif ɗin ya saki? Ba mamaki shi ya yanke shi. Layi ɗaya ne a rahotonka. Iyalinsa kuwa, ni na ɗauki nauyinsu har abada, wallahi."

Sai ya sassauta murya ya ce, "Kuma ka tuna kai ma ka ga wayar nan. A gidan nan ka gan ta, ba ka rubuta komai ba. In aka tona, ba ni kaɗai zan nutse ba. Kana da yara a makaranta, na sani."

Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoro ne ke magana. Amma gaskiya ya faɗa. Jami'in kiyaye haɗari da ya ga haɗari ya yi shiru, korarsa ake yi, kuma a nan in aiki ya tafi biza ta bi shi. Idan kuwa na rubuta cewa Baba Isaka ne ya yanke waya, to laifi ya koma kan mutumin da ke kwance ba ya iya kare kansa. In ya tashi, zai tashi a matsayin ma'aikaci mai sakaci, a sallame shi da hannu ɗaya. In bai tashi ba, haka za a gaya wa 'yarsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ce masa a'a nan take ba. Cewa na yi, "Bari in je ofis." Na tuƙa zuwa Al Quoz, na tsaya a bayan sito cikin zafin nan, na fi rabin sa'a a cikin mota ban kashe inji ba. Har na tsara jimlar a kaina, yadda za ta zauna daidai ba wanda zai zarge ta. Abin da ya hana ni, ina jin, shi ne hannuna. Har lokacin tsintsiyar hannuna na ciwo saboda danna ƙirjinsa. Na ga ba zai yiwu hannun da ya yi wannan da safe ya rubuta wancan da yamma ba, ga shi kuma da azumi a bakina.

Na shiga wurin Madam Huda na rufe ƙofa. Na gaya mata komai: ranar da na ga wayar, abin da na faɗa, abin da ban rubuta ba, da dalilin da ya sa. Maganar da Alhaji ya yi mini a falo kaɗai na riƙe. Ta saurare ni har na gama, biro a hannunta.

Ta ce, "Wani ya ji lokacin da ka gargaɗe shi da baki?"

Na ce, "Babu, sai matarsa wataƙila."

Ta ce, "To da ka yi shiru, ba mai sani."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Rubuta shi kamar yadda ka faɗa mini, da sunanka a ciki. Ba zan yi maka alkawarin komai ba, Kabiru. Kwamiti ne zai yanke. Yalla, je ka rubuta."

Na rubuta shafi huɗu. A ƙarƙashin musabbabin haɗari na sa wayar da ba ta dace ba, da mahaɗin salatif, da na'urar da aka tsallake. A ƙarƙashin abin da ya taimaka wa haɗarin na sa: jami'in kiyaye haɗari ya ga wayar ranar uku ga azumi, bai ba da takardar gargaɗi ba. Na ƙara da cewa almakashin ma'aikacin na cikin amalankensa a kan titi, a nannaɗe, kamar yadda hoto na bakwai ya nuna. Na sa hannu. Washegari aka dakatar da ni daga aiki har kwamiti ya zauna.

Kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ban gaya wa matata a waya ba. Abokan zamana na fita aiki, ni kuma in hau jirgin ƙasa in tafi asibiti in zauna a baranda. Ranar Juma'a da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce wane ne Kabiru. Na miƙe. Ta ce ya buɗe ido, an cire masa bututun numfashi, kuma ya tambayi ko yau nawa ga wata. Na koma na zauna, na rufe fuska da hannu. Wani Bafakistane da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri, ya zaci rasuwa aka yi mini.

Alhaji bai kira ni ba tun da ya ji abin da na rubuta. Hajiya Rabi ce ta kira ranar Lahadi. Ta ce, "Malam Kabiru, mutumin naka ba ya ci ba ya barci. Na ce masa ya je ya ga bawan Allahn nan da idonsa, ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Ka zo ka raka shi, don Allah."

Muka tafi a motarsa. Baba Isaka na jingine da matashi, hannun dama a naɗe har gwiwa. Da ya ga Alhaji sai ya yi yunƙurin gyara zama. Alhaji ya ce ya yi zamansa, ya tsaya a ƙarshen gado yana ta juya carbi, ya rasa ta inda zai fara.

Baba ne ya fara. Muryarsa a dashe ya ce, "Alhaji, an cire wutan nan?"

Alhaji ya ce, "An cire."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun da na farka shi ke damuna. Ƙaramin yarinyan nan naka, mai kitso biyu, kullum yamma ina ganin shi yana lilo a jikin ƙarfen. Na ce gara da ni ya kama, ni tsoho ne, fatana ya yi tauri."

Jikarsa yake nufi, 'yar shekara huɗu. Na ga carbin ya tsaya a hannun Alhaji. Ya nemi kujera ya zauna, ya kifa kansa a bakin gadon, kafaɗunsa na girgiza. Baba ya dube ni cikin mamaki, kamar yana tambaya ko ya faɗi abin da bai dace ba. Da Alhaji ya ɗago, cewa ya yi, "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka. Har na so in ɗora maka laifin, wannan bawan Allah ya ƙi."

Baba ya ce, "Allah Ya yafe mu duka."

Ni ma na ce masa na ga wayar tun mako guda kafin ranar, ban yi abin da ya kamata ba. Ya ce, "Masta Kabiru, wannan kam ba ka kyauta ba." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ya fi mini zafi a kan duk abin da kwamiti ya faɗa daga baya.

Daga asibiti Alhaji ya ce in kai shi wurin 'yan sanda. Ya ba da sabon bayani, ya ce shi ya sa a ja wayar, shi ya sa a tsallake na'urar, kuma an gargaɗe shi da baki bai ji ba. Gidansa na da inshorar da ta haɗa da raunin da wani ya ji a harabar, amma da suka ga maganar na'urar da aka tsallake sai suka fara ja da baya. Alhaji bai tsaya jayayya da su ba, ya ce ko sun shiga ko ba su shiga ba, jinya da haƙƙin Baba a wuyansa suke. A irin wannan shari'a, idan wanda aka ji wa rauni ya sa hannu cewa ya yafe, abin kan zo da sauƙi. Baba ya so ya sa hannu tun yana gadon asibiti. Hajiya Rabi da kanta ta hana. Ta ce ba zai sa hannu a komai ba sai likita ya faɗi ƙarshen abin da hannun zai zama, kuma sai an karanta masa takardar a gaban wani nasa. Haka aka yi, limamin 'yan Gana ne ya zauna masa. Sai bayan Sallah da mako uku aka rufe maganar, aka ci Alhaji tara, aka mayar masa da fasfonsa.

Ni kuwa kwamiti ya zauna a kaina ranar ashirin ga azumi, mutum uku, da Madam Huda a gefe. Suka yi mini tambayoyi kusan sa'a guda. Shugaban ya ce laifina ya isa kora. Sai Madam Huda ta nemi izini ta ce, duk abin da kwamitin ya sani game da laifin Kabiru, daga alƙalamin Kabiru ya san shi; in aka kore shi, jami'i na gaba da ya yi kuskure zai koyi ɓoyewa ne. Suka ce in jira a waje. Da aka kira ni, hukuncin shi ne gargaɗi na ƙarshe a rubuce, da hana ƙarin girma na shekara guda. Na fito na tsaya a inuwar sito, na kira matata, sai a lokacin na ba ta labari tun daga farko. Ta yi ta salati, sannan ta yi mini faɗan da na cancanta.

Baba Isaka ya dawo aiki bayan wata uku. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, saboda haka aka mayar da shi sito yana ba da kayan aiki, a cikin sanyi, ba rana ba ruwa. Ya yi shekara biyu a nan kafin ya koma gida da ƙafarsa. Tsakanina da Alhaji Mudi kuwa, mun ɗan yi wata biyu muna gaisawa sama-sama, daga baya abin ya warware, har ya fi da.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu ba mugun mutum ne ke jawo haɗari ba galibi. Mutumin kirki ne da ke son ya faranta wa iyalinsa, da wani mutumin kirkin da ya ji nauyin ya ɓata masa rai. Mu Hausawa an raine mu da kunya da kara, kuma abu ne mai kyau a wurinsa, amma lantarki bai san dattijo ba, bai san ɗan gari ba. Sannan wanda abin ke fara samu kusan kullum shi ne mai shara, ko mai lambu, ko mai kawo saƙo, mutumin da ba a yi shawara da shi ba lokacin da ake kafa adon. Shi kuke wa aiki, ko da ba shi ke gaishe ku da fara'a a bakin ƙofa ba. Idan kun ga abu, ku rubuta a ranar, ku miƙa da ladabi, ku koma ku duba. In kuma kun riga kun yi sakaci, ku faɗa da bakinku tun ba a tono ba.

Mu dai Allah Ya rufa mana asiri, mutuminmu ya tashi, ya ga 'yarsa ta gama karatu. Ba kowa ke samun mace irin Hajiya Rabi zaune a bakin taga ba. Kada ɗayanku ya yi aiki da tsammanin zai samu.